Zomon Entin a Lambun Bi Yayah

Tatang, Imas, ku bar abin da kuke yi ku zo nan. Kai ma Dadang, ajiye wayar nan. Magana ce a kan ƙanwata, innarku Bi Yayah, kuma ba zan maimaita ba.

Yayah mace ce mai sakin hannu, amma ba ta karɓar gyara. Tun da ta gaji lambun mijinta a gangaren Lembang, ta ɗauka duk wani mai baki ita ta fi kowa sanin abin da ya kamata ya ci. A wurinta ƙauna ita ce a cika ciki, shi ke nan.

Surukarta Entin, matar ɗanta, tana da ɗan zomo fari mai baƙin kunne ɗaya, bai cika wata uku ba. Mahaifin Entin mai kiwon zomaye ne, wannan kuwa na cikin haihuwar ƙarshe da aka yi a kejinsa kafin ya rasu. Sauran duk 'yan'uwanta maza sun sayar wa masu tsire na bakin titi. Wannan kaɗai ta tsira da shi, ta sa masa suna Bodas.

Da aka kwantar da uwar Entin a asibiti a Bandung, dole ta je jinya. Ta kawo wa Yayah, wadda take kira Ema, wato uwa, kejin da buhun busasshiyar ciyawa.

"Ema, wannan ce abincinsa, kada ta yanke masa, da ruwa mai tsabta. Bai isa cin ganye ba tukuna. In na dawo zan fara ba shi ɗaya, sai ya yi yaushi, in ga yadda kashinsa zai fito."

Yayah ta tura hannu cikin buhun, ta sansana. "Neng, 'yata, wannan ai cikon katifa ne. Zomo gare ki ko dokin haya?"

"Haka Baba yake yi, Ema."

"Allah ya jiƙan babanki. Je ki, kada mota ta bar ki."

Da farko Yayah ta bi umarnin. Amma duk safiya in ta dawo daga lambu da kwandon alayyafon ruwa, sai ɗan zomon ya miƙe a kan ƙafafunsa na baya, hanci na rawa. Abin ya tsaya mata a rai. Gidan da ake loda kabeji a mota, a ce wani rai yana tauna karmami? Maƙwabta su ji su ce me?

Ta miƙa masa damin alayyafo da raɓarsa. Ya cinye. Ta ƙara da kabeji, ta ƙara da karas. Ciyawar kuwa ya daina ko kallonta, ita ma ta daina zubawa.

Ni na je na tarar da shi cikin ganye har wuya. Na ce mata cikin ɗan zomo bai ƙosa ba, busasshiyar ciyawa ce ke tafiyar da hanjinsa, ita ke rage masa tsawon haƙora.

Ta ce, "Teteh, yayata, ke ko kaza ba ki taɓa riƙewa ta yi ƙiba ba. Dubi yadda yake ci! Dabba ta fi mu sanin abin da take so."

Ba a jima ba kashinsa ya tashi daga ƙwaya-ƙwaya ya koma ruwa. Ya takure a kusurwa, ciki ya kumbura kamar ganga, yana cizon haƙora. Yayah ta ga ya ƙi ci, sai ta ce ganyen ne ya gundure shi, ta yanko masa latas. Kafin ta yarda a kai shi wurin likitan dabbobi, ya riga ya mutu.

Entin ta dawo ta sami keji a wanke, buhun ciyawa kusan yadda ta bar shi. Ba ta ɗaga murya ba. Yayah ta fito da wani ƙaton zomo da ta sayo, ya ninka Bodas.

"Ga shi, har ya fi wancan kyau."

"Ba na Baba ba ne, Ema."

"To, ai dai da cikinsa a cike ya tafi."

Entin ta ɗauki buhunta ta fita. Tun ranar ba ta sake taka gidan ba, ko kabejin da Yayah ta aika an mayar mata.

Darasin a fili yake. Ɗan zomo busasshiyar ciyawa ce abincinsa, ganye sai ya tasa, kaɗan-kaɗan, iri ɗaya kafin wani. Son da dabba ke wa abu ba shaida ba ce cewa zai amfane ta, kuma wanda aka ba amana da sharaɗi, sharaɗin ma amana ne. Yanzu ga Sallah ta matso, ba zan zauna a tabarma ɗaya da mutum biyu da ba sa gaisawa ba. Ku je ku sa Bi Yayah ta furta cewa ta yi kuskure, da bakinta, ba da kwandon kabeji ba. Ku lallashi Entin ta saurare ta. Ƙaton zomon nan kuma ɗayanku ya ɗauko shi yau, don da safe na ga Yayah tana wanke masa alayyafo.