Jirgin Daeng Sirua Bai Taɓa Ruwa Ba

Akwai wani masassaƙin jirgin ruwa a ƙauyenmu na bakin teku a Bulukumba, ana kiransa Daeng Sirua (Daeng laƙabin girmamawa ne a wurinmu). Ina dawowa gida daga tsibirin Batam na tarar da jirginsa zaune a kan yashi. Da na ji labarin, raina ya ɓaci. Har yanzu bai huce ba.

Sirua ya gaji wurin sassaƙa daga mahaifinsa, ya rantse sai ya ƙera jirgin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Kuma ya iya aiki, wannan babu musu. Idan ya shafa tsakanin katako biyu ya ji farce na shiga, sai a ɓalle a sake.

To kun san mu. Ranar da jirgin wani zai shiga ruwa, kowa yakan ajiye gatarinsa ya je ya kama igiya. Ba a biyan kowa. Ka ja na wani, a ja naka.

Sirua ya ce wannan ɓata lokaci ne, ya hana ma'aikatansa zuwa.

Ranar da za a tura jirgin wani dattijon masassaƙi, Daeng Tayang, wani ma'aikacin Sirua mai suna Sampara ya roƙe shi.

"Daeng, surukina ne fa. In ban je ba, da wane ido zan shiga gidansa?"

"Da wanda kake kallon aikina. Wannan kwando mai karkataccen baki ne jirgi? In ka fita, tafi da gatarinka."

Sampara na da yara. Ya zauna yana sassaƙa, yana jin waƙar masu ja daga nesa.

Aka gama jirgin Sirua. Kyau kam, har daga wasu garuruwa ana zuwa kallo. Mai sayensa, wani kyaftin daga tsibirin Flores, ya ce lallai jirgi ya shiga ruwa a cikar tekun nan, kafin iskar yamma ta taso. In ba haka ba, ya fasa.

Sirua ya yanka bijimi, aka dafa shinkafa, aka yi shela a masallaci.

Mutane suka fito. Amma ƙarƙashin bishiyoyin kwakwa suka zauna, kowa da kofinsa.

Ma'aikatansa suka kama igiya, suka ja har tafukansu suka fashe. Jirgi ko motsi.

Wani daga cikin masu zaman ya ɗaga murya: "Daeng, ka daka masa tsawa mana! Ai kowa na tsoronka."

Aka kwashe da dariya.

Ruwa ya fara janyewa. Sirua ya taka yashi har gaban Tayang, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Kawu, ku taimaka. Ruwa zai tafi."

Tayang ya kurɓi kofinsa.

"Mu masu kwando? Kada mu ɓata maka katako da hannunmu."

"Na yanka bijimi saboda ku!"

"Ci abinka, ɗana. Mu ma ba ma son ɓata lokaci."

Ruwa ya koma. Iskar yamma ta zo. Kyaftin ya sayi wani jirgin a wurin Tayang, ya kama hanya. Ma'aikatan Sirua suka watse, kuma su ne suka fi shan wahalar girman kan da ba nasu ba. Sampara sai da ya durƙusa a ƙofar surukinsa kafin a ba shi aiki.

Jirgin Tayang mai karkataccen baki na can yana dakon siminti tsakanin tsibirai. Na Sirua na nan inda aka ƙera shi. Awaki ne ke shan inuwarsa.

Darasi: Ka ƙware a aikinka iya ƙarfinka, amma kada ka raba mutanenka da jama'arsu da sunan inganci. Shugaban da ya hana a kama wa wasu igiya, ranar tasa shi kaɗai zai ja. Ku tura wannan ga duk mai mutane a ƙarƙashinsa, musamman wanda ya fi kowa ganin ya iya.