Kwalabe Shida a Kwalin Talabijin

Akwai wani mutum mai kiwon ƙudan zuma a wani ƙauye da ke gindin dutse. Amyarsa goma sha ɗaya ce kacal, ya rataye su a bishiyoyin ɗorawa da ke bayan gonarsa. Amma zumarsa mai kyau ce, bai taɓa yi mata haɗi da sukari ba.

Wata rana wata mace mai shago a babban birni ta zo ƙauyen gaisuwar rasuwa. Aka ba ta zumar ta lasa, ta ce a kai ta wurin mai ita. Suka daidaita zai riƙa aika mata kwalabe shida duk wata, ta hannun wani kamfanin aika kaya da ke da ƙaramin ofis a garin da suke cin kasuwa.

To, kwalabe shida ba wani kaya ba ne. Kwalin sabulu ma ya ishe su. Amma mutumin nan ya je wurin mai gyaran rediyo ya roƙi kwalin talabijin, irin tsohuwar nan mai ƙatuwar ƙeya. Ya sa kwalaben a tsakiya, ya cika sauran wurin da busasshiyar ciyawa, ya ɗaure da igiya, ya rubuta da gawayi a jikinsa: A YI HANKALI, KWALBA CE.

Matarsa ta dubi kwalin ta ce, “Maigida, duk wannan na kwalba shida ne?”

Ya ce, “Ƙaramin kaya ɓata yake yi a hanya.”

Rabin gaskiya ya gaya mata. Ɗaya rabin kuwa, hanyar tasha ta gaban bishiyar da mazan ƙauyen suke hira take bi. Duk ranar da ya ɗauro ƙaton kwalin a bayan keke, sai su ɗago kai su ce, “Sannu da ƙoƙari, kasuwa ta buɗe ke nan.” Shi kuwa sai ya yi murmushi ya wuce. Bai taɓa yi musu ƙarya da bakinsa ba, kwalin ne yake yi masa.

Wata na fari, kwalabe biyu suka isa birni a fashe. Wata na biyu, uku. Wata na uku sai mai shagon ta kira shi a waya ta ce, “Malam, ciyawa jiƙe da zuma kake aiko mini. Zumarka ta fi ta kowa, amma in na huɗu ya zo haka, zan nemi wani. Ba faɗa ba ne.” Ita kaɗai ce mai sayen zumarsa da daraja, saboda haka maganar ta zauna masa a rai.

Abin ya ɗaure masa kai fiye da yadda ya ba shi haushi. Ya cika kwalabe shida da ruwa, ya shirya su a kwali kamar yadda ya saba, ya jijjiga, ba abin da ya fashe. Ya hau katangar gidansa ya sako kwalin ƙasa, ya sauko ya buɗe, ko tsagewa babu. Ya zauna ya yi tagumi yana cewa a ransa, “To me yake samun kayan nan a hanya wanda ya fi faɗowa daga katanga?” Ya je ƙaramin ofishin ya yi tambaya, magatakarda ya ce, “Mu karɓa kawai muke yi. Duk kaya babban sito ake kai su a bakin birni, can ake rarraba su.” Mutumin ya ce gani ya kori ji. Da wata na huɗu ya yi, sai ya ɗauki kwalinsa ya shiga mota da kansa.

Sai da ya sha roƙo a bakin ƙofar siton kafin mai gadi ya haɗa shi da wani dattijo mai kula da rarraba kaya. Dattijon ya saurare shi, ya dubi kwalin, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ajiye. Ya ce, “Biyo ni.”

Mutumin bai taɓa ganin ɗaki mai girman wannan ba. A tsakiyarsa akwai wata doguwar shimfiɗar roba mai tafiya da kanta, ma'aikatan suna ce mata bel. Kaya iri iri suna tafe a kanta, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda yake tura su. Can gaba sai kowane ƙunshi ya bi ta ƙarƙashin wata ƙofar ƙarfe mai jan haske. Da ya wuce, sai wani hannun ƙarfe ya fito ya ture shi, wannan hagu, wancan dama, wani kuma a bar shi ya miƙe. Mutumin ya saki baki yana kallo, har ya kusa manta abin da ya kawo shi.

Ya ce, “Baba, wa yake gaya wa hannun nan inda zai tura?”

Dattijon ya ce, “Hasken nan. Shi yake auna tsawo da faɗi da tsayin kowane kaya. Ƙanana hagu, manya dama, matsakaita su miƙe.”

“Yana ganin abin da ke ciki?”

“Ina fa. Girman da ka nuna masa, shi yake ɗauka.”

“Rubutun da na yi fa?”

Dattijon ya yi dariya ya ce, “Bai yi makaranta ba. Ɗora kwalinka, mu bi shi mu gani.”

Ya ɗora. Kwalin ya tafi, ya shiga ƙarƙashin hasken, hannun ƙarfe ya ture shi dama. Mutumin har ya ji daɗi a ransa, don an sa kayansa cikin manya. Suka bi shi da ƙafa har ƙarshen layin, inda wata babbar mota take tsaye, ƙofarta ta baya a buɗe, masu lodi biyu suna aiki ba ɗaga kai. Ɗayansu ya sungumi kwalin ya ajiye a daɓen motar, rubutun gawayin yana fuskantar bango. Ɗayan kuma ya rungumo wani kwali da ƙyar, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Injin ban ruwa ne a ciki. Ya nufi kwalin talabijin da shi.

Mutumin ya daka tsawa, “Tsaya! Kada ka ɗora!”

Mai lodin ya tsaya da kaya a hannu, ya dubi dattijon.

Dattijon ya ce wa mai zuma, “Ka ga abin da ka zo nema. A nan babba ake sawa a ƙasa, a ɗora masa sauran, don ana ɗauka babba zai iya. Kwali ɗaruruwa suke wucewa ta hannun mutanen nan kafin azahar, ba mai tsayawa ya tambayi kowanne me ke cikinsa. Wanda yake cike, zai ɗauka. Naka kuwa ciyawa ce, ita ko ciyawa ba ta ɗaukar inji.”

Mutumin ya dubi kwalinsa. Can ya ce, “Ƙananan fa, ina ake sa su? Ba sa ɓata?”

Dattijon ya kai shi layin hagu. Nan ya ga ƙananan kaya suna gangarowa a hankali, wata ma'aikaciya tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya da hannu tana jera su cikin kwandunan roba. In kwando ya cika sai a rufe shi, a ɗora shi a can saman lodi, inda ba abin da zai hau kansa. Dattijon ya ce, “Shekarata tara a nan. Ƙaramin da ya zo a ƙaraminsa ba ya ba mu wahala.”

Ya ɗauko wani ɗan kwali ya miƙa masa. To, a nan aikin yake, gama sai an buɗe babban kwalin a gaban mutane. Mutumin ya kwance igiyar, ya yi ta fitar da ciyawa, ya yi ta fitarwa, har ta yi tsibi a gefe, masu lodi sun tsaya suna kallo. Da kwalabe shidan suka bayyana a can ƙasa, ɗayansu ya ce, “Su ke nan?” Suka yi dariya. Kunya ta kama mutumin ƙwarai, amma bai fasa ba. Ya jera kwalaben a ɗan kwalin, suka zauna daram, ya cusa 'yar ciyawa kaɗan a tsakaninsu, ya ɗora a kan bel. Hasken ya auna, hannun ƙarfe ya ture shi hagu.

Bayan kwana biyu matar ta kira ta ce duka shidan sun iso lafiya.

Da wata na biyar ya zo, mutumin ya bi ta gaban bishiyar hira da ɗan kwalinsa a hammata. Wani daga cikin mazan ya ce, “Yau ina kayan?”

Ya ce, “Ga shi.”

“Wannan ne duka?”

Ya ce, “Wannan ne duka. Dā ma shi ne.”

'Yan'uwa, ma'anar misalin nan ita ce: kwalaben su ne ainihin abin da ke cikinmu, wato ƙarfinmu, da saninmu, da bangaskiyarmu, daidai yadda suke. Kwalin shi ne girman da muke nuna wa mutane. Ciyawar kuwa ita ce duk abin da muke cusawa don mu cike gurbin da ke tsakanin biyun. Bel ɗin nan duniya ce, har da ikilisiya. Ba mugunta mutane suke yi mana ba. Ba sa ganin ciki, girman da muka nuna musu shi suke aunawa, su ɗora mana kaya daidai da shi.

An ce girman kai rawanin tsiya, gaskiya ne. Amma ku lura, mutumin nan ba girman kai kaɗai ya sa shi neman babban kwali ba, har da tsoro. Yana tsoron ƙaramin abu zai ɓata. Mu ma haka muke. Muna tsoron in aka san ƙarfinmu kaɗan ne za a manta da mu, sai mu ƙara ciyawa. Uwa tana kuka a ɗaki, ta fito ta wanke fuska, a tambaye ta gida ta ce lafiya lau, sai a ce ai ita jaruma ce, a ƙara mata rainon 'ya'yan dangi. Saurayi bai gane karatun ba, yana jin nauyin tambaya, sai ya gyaɗa kai, a ba shi ajin yara ya koyar. Magidanci ya shekara bai yi addu'a shi kaɗai ba, amma in ya tashi a taro muryarsa ta fi ta kowa, sai a naɗa shi dattijon ikilisiya. Ranar da ya fashe kuma kowa ya riƙe baki, a ce, “Wane? Ai mun zaci zai iya.”

Ni mai gaya muku wannan na yi zama a kwalin talabijin. Shekara biyu ina ce wa kowa to: wa'azi to, ziyarar asibiti to, sasanta ma'aurata to, alhali gidana yana neman mai sasanta shi. Ba wanda ya taimake ni, kuma ba laifin kowa ba ne, don ban bar wa kowa ƙofar da zai san ina bukata ba. Ranar da na buɗe baki na ce wa dattawa, “Ba zan iya wannan duka ba,” na ji kunya kamar in nutse. A ranar ce kuma aka fara ɗauka ta da hannu.

Allah dai ba hasken nan ba ne. Shi ya san adadin kwalabenka tun kafin ka nemo kwali, bai kuwa raina su ba, gama shi ya ba ka su, zumar ciki kuma mai kyau ce. Shida ya ba ka, shida yake so su isa. Abin tambaya shi ne, nawa suka riga suka fashe a hanya saboda ana gaishe ka a gindin bishiya?

Yau in an tashi, wani zai riƙe hannunka a bakin ƙofa ya ce, “Yaya gida?” In lafiya ce, ka ce lafiya, ka gode wa Ubangiji. In ba lafiya ba ce, ka nemi mutum ɗaya mai riƙon amana, ka kwance igiyar a gabansa. Wataƙila ya ce, “Su ke nan?” Ka ce masa, “Su ke nan. Dā ma su ne.”