Fil Ɗin da Hashimu Ya Bari a Sake

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don har yau akwai masu jin kunyar abin. Ku saurara. Kai mai latsa waya, ajiye ta. Ni Jatau ban taɓa zama a aji ba, amma na ga abin da masu takarda ba su gani ba. Rijiya ta rufta da ni na fito, kwalara ta share unguwarmu ta bar ni tsaye. Wannan dungun hannun kuwa, ku dube shi da kyau, shi ne shaidata.

Sunan mutumin Hashimu. Shiru-shiru ne, in ya gaishe ka sai ka kasa kunne. Alhaji Barau, mai injin casar shinkafar da nake wa aiki, shi ya ɗauko shi don ya sa injin ya riƙa jin magana. Hashimu ya kafa wani ɗan akwati a bango. A cikinsa akwai 'yan fil na ƙarfe a jere kamar haƙoran mataji, kowane fil da wayarsa: wannan na fitila, wannan na famfo, wancan na babban injin. Sai ya zauna gaban kwamfuta, fuskarta baƙa wuluk, ba hoto ba ado, sai wani ɗan haske yana ƙyafta ido. Damina guda yana rubutu yana gogewa, har ya ƙera manhajarsa. Ya rubuta layi ɗaya ya ce wa fil ya tashi, fitila ta kama. Ya ce ya kwanta, ta mutu. Gari ya ɗauka, ana ta zuwa kallo.

To, ku saurara. Sai injin ya fara tashi da kansa.

Da tsakar rana, an tafi Azahar, an rufe manhaja, ba kowa a kujera, rumfar injin tsit, ko tsuntsu ba ya kuka. Sai ka ji injin ya yi tari, ya yi gurnani, ya yi shiru. Kuma ba ya yi sai wata tsohuwa, Gwaggo Marka, ta shigo kwasar dusar awakinta ta gifta ta gindin akwatin nan. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, ba mai tsaya mata.

Ran nan na tsaya gyaran bel ɗin injin, hannuna na ciki. Na ga inuwarta ta faɗo a bango. Ba ta taɓa komai ba, wallahi. Injin ya tashi, ya ɗauke mini yatsu. Wani da sai ya sheƙa lahira. Ni da ƙafata na taka zuwa asibiti.

Kafin La'asar gari ya yanke hukunci: mayya ce, ta kama kurwar injin. Yara suka jefe mata rufin ɗaki. Aka ce ranar Juma'a ta tattara ta bar garin.

Hashimu ya koma gindin akwatinsa yana kai hannu yana janyewa. Sai ya gano. Ashe in ya rufe manhajar, takan saki fil ɗin injin, ba ta ce masa tashi ba, ba ta ce masa kwanta ba. Kamar akuyar da aka kwance aka bari a bakin gona. In jikin mutum ya matso, kowane mutum, sai fil ɗin ya ɗauka an kira shi.

Ya je ya gaya wa Alhaji Barau. Ina kwance a zauren Alhajin ina jinya, da kunnena na ji.

Alhaji ya ce, "Kai yaro, rufa wa kanka asiri. Bari tsohuwar ta tafi, ka gyara a ɓoye. Wa zai sani?"

Hashimu ya ce, "Alhaji, in na gyara bayan ta tafi, cewa za a yi tafiyarta ce ta warkar da injin. Ka ga na ɗaure mata maita har kabarinta."

"In ka faɗa, aikinka ya ƙare a garin nan."

"To, ya ƙare."

Ran Juma'a, an sauko daga masallaci, ya roƙi jama'a su biyo shi rumfa. Gwaggo Marka na tsaye can gefe da ƙullin kayanta a ka. Ya cire bel, ya rufe manhaja, ya ce wa liman, "Allah gafarta Malam, miƙa hannunka wajen akwatin nan. Kada ka taɓa."

Liman ya miƙa. Injin ya yi gurnani! Mutane suka watse, wani ya bar takalmi.

Hashimu ya ce, "To, Malam ma maye ne? Laifina ne, jama'a. Ni na bar fil a sake. Yatsun Jatau a wuyana suke, ba a wuyan Gwaggo ba."

Ya durƙusa gabana. Na ce, "Tashi, ɗan nan. Ni ba a gama da ni da yatsu."

Kafin ya bar garin sai da ya gyara manhajar, ta zama ba ta rufuwa sai ta kwantar da kowane fil. Bai karɓi ko godiya ba. Gwaggo Marka ta sauke ƙullinta, a ɗakinta ta cika, liman ɗin nan ne ya yi mata salla.

Har yau, in rana ta take, yatsun nan da babu su sukan yi mini ƙaiƙayi. In na ji, sai in tuna Hashimu.

To ga maganar, ku riƙe ta. Kuskurenka naka ne, kada ka bari marar gata ya ɗauke maka shi don kawai bakinka a rufe ya fi maka sauƙi. Kai direba, kai tela, ke mai abinci, kowa a cikinku yana da fil ɗin da ya bari a sake, kuma akwai wata Marka da ake nunawa da yatsa saboda shi. Ku je ku buɗe baki tun ba ta ɗauki ƙullinta ba. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kanmu take.