Lambar da Sallau Bai Gani Ba

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, sunansa Sallau. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Sana'arsa gyaran iyakwandishan, na'urar nan da ke sanyaya ɗaki. Garin kuwa mai zafi ne, in bazara ta kama ko bango kika dafa sai kin janye hannu. Shekara talatin ya yi yana yawo da jakar kayan aiki a bayan tsohon babur, har ta kai in ya ji ƙarar na'ura daga ƙofar gida yakan faɗi ciwonta kafin ya buɗe ta. Sunan da ya yi ke nan a garin, kuma in ban da wannan suna ba shi da wata kadara.

To ku saurara, 'yan'uwana mata. Mutumin nan yana da abu guda da yake ɓoyewa. Idonsa ya fara rauni. Likita ya ba shi tabarau, amma ba ya fita aiki da shi. Matarsa Dije takan ce, "Malam, ga idanunka nan ka bari a kan taga."

Shi kuma ya ce, "Bar su su huta. Wa zai ba mai gyara aiki in ya gan shi da ido huɗu?"

Ta ce, "Jiya fa tunkiyar maƙwabta ka yi wa sannu da gida."

Sai ya yi dariya ya tayar da babur ya tafi.

Wata rana ana tsakiyar zafi aka kira shi gidan wani attajiri, Alhaji Barau, mai fataucin fatu. Mahaifiyar Alhaji, wadda kowa ke kira Iya, tsohuwa ce mai ciwon numfashi, in ɗaki ya yi zafi sai ƙirjinta ya toshe. Na'urar ɗakinta ce ta tsaya, tana gurnani amma ba sanyi.

Mai gadin gidan sunansa Ilu, shi ne kuma mai kula da janareto. Shekararsa goma sha bakwai a gidan, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa a ɗakuna biyu na bakin ƙofa. Ilu Bakano ne, Sallau Bazazzage, kun kuwa san wasan da ke tsakaninsu.

"Ga bawana ya iso," in ji Ilu. "Shigo, ubangidanka ya yi maka izini."

Sallau ya ce, "Ɗauko tsani ka riƙe mini, Bakano. Ai nan iliminka ya tsaya."

Ya kashe wuta, ya hau tsani, ya kwance murfin na'urar da ke waje. Nan take ya ga ciwon. Akwai wani abu a ciki da ake kira kafasita, kamar dogon gwangwanin madara yake, shi ke taya injin juyawa muddin na'ura na aiki. Kansa ya kumbura ya yi tsatsa. Abin nan ko an kashe wuta yana riƙe da tasa wutar a ciki, wanda ya taɓa shi da hannu sai ya wurgo shi ƙasa. Sallau ya ɗauki sukudireba mai mariƙin roba ya haɗa ƙafafunsa, ya yi ƙas, wutar ta fita. Ya lura da inda kowace waya take, ya zare su, ya ciro shi.

Kowane kafasita da lambarsa a jiki, ita ke nuna ƙarfinsa, kuma dole wanda za a sa ya zama daidai da wanda aka cire. In aka sa ƙarami na'ura za ta tashi, za ta yi sanyi, amma injin yana wahala yana zafi a hankali har ya ƙone. Sallau ya fi kowa sanin haka. Ya kawo gwangwanin kusa da ido, ya kai shi nesa, ya juya shi. Ga tsatsa, ga hasken rana. Ilu yana nan a ƙasan tsani da idonsa garau. Kalma ɗaya ce, "Duba mini lambar nan." Amma ya tuna dariyar da Bakano zai yi masa, sai ya yi shiru. Ya ce a ransa, ashirin da biyar ce. Ya zaro mai ashirin da biyar daga jaka ya ɗaura, ya mayar da wayoyi, aka kunna.

Na'ura ta tashi, sanyi ya sauko. Iya daga ciki tana ta sa albarka. Sallau ya miƙa wa Ilu tsohon kafasitan, don al'adarsa ce ba ya fita da abin da ya cire daga gidan mutane, kada a ce ya wanke ya sayar wa wani.

Bayan kwana tara aka sake aiko masa daga gidan Alhaji. A wannan safiya Dije ta gaji da magana, ta cusa masa tabarau a aljihun riga bai sani ba.

Yana shiga gidan ya ji ƙaurin ƙonewa. Iya tana kwance a tabarma a inuwar baranda, mata biyu suna mata fifita da jiƙaƙƙen zane, numfashinta yana fita da ƙyar. A bakin ƙofa kuma ga kayan Ilu a waje, katifa a naɗe, tukwane a cikin buhu, matarsa na zaune a kan akwati ta rufe fuska da mayafi. Ilu bai ce bawana ba.

Alhaji Barau ya fito ransa a ɓace. Ya ce, "Malam Sallau, ka ga abin da wannan mutumin ya yi mini? Sau nawa nake gaya masa, in an ɗauke wuta ya kashe na'urar Iya kafin ya juya zuwa janareto? Ya ƙona ta, ya kusa kashe mini uwa. Na ce kafin la'asar ya bar mini gida. Kai ne masani, hau ka duba ka tabbatar, don kada a ce na zalunce shi."

Ilu ya ce a hankali, "Alhaji, wallahi na kashe."

"Rufe mini baki!"

Sallau ya hau tsani, wannan karon ba wanda ya riƙe masa. Injin ya ƙone ƙurmus. Ya dubi sabon kafasitan da ya sa da hannunsa, sai ya fara shakkar lambar da ya karanta. Ya sauko ya matsa kusa da Ilu ya ce, "Tsohon nan da na ba ka, yana nan?" Ilu mutum ne da ba ya yar da komai. Ya buɗe wani buhu ya lalubo shi ya miƙa masa, ko tambayar dalili bai yi ba.

Sallau ya zagaya bayan gida inda ba kowa. Ya sa hannu a aljihu zai ɗauko tsumma, sai ya ji tabarau. Ya saka. Ya tofa yawu a babban yatsa ya goge tsatsar. Ga lamba nan ɓaro-ɓaro: arba'in da biyar.

Ku saurara da kyau, don nan ne wurin. Ba wanda ya gani. Alhaji bai san lamba ba, Ilu bai san lamba ba, duk gidan ba wanda zai iya bambance wannan gwangwani da wancan. Ba a ma nemi Sallau ya yi ƙarya ba. Alhaji ya riga ya yanke hukunci, abin da yake jira kawai a gyaɗa masa kai. Ko cewa ya yi, "Janareto yakan yi haka," bai faɗi abin da ba ya faruwa ba, don yakan yi. Zuciya ta ce masa, shekara talatin kana gina suna. Ta ce, in gari ya ji ba ka gani, wa zai sake kiranka? Ta ce, Ilu zai sami wani gadin, kai fa, wace sana'a za ka koya da furfura? Ya tsaya a bayan gidan nan gumi na zuba har cikin takalminsa. Daga inda yake yana jin ƙarar tukwane, matar Ilu tana ɗaure bakin buhu.

Ya yi istigfari. Ya hau ya ciro sabon, ya riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya fito tsakar gida da tabarau a fuskarsa.

Alhaji ya ce, "Yaya? Janareto ne ko?"

Ya ce, "A'a, Alhaji. Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na ƙona ta. Duba nan, wanda na cire arba'in da biyar ne, wanda na sa ashirin da biyar. Ya yi wa injin kaɗan, shi ya sa ya yi ta zafi har ya ƙone. Idona ya yi rauni, ina da tabarau na ƙi sawa don kada a yi mini dariya. Ilu ba shi da laifi ko na ƙwayar gero. Ko ya kashe ko bai kashe ba, injin nan sai ya ƙone."

Kada ku ɗauka Alhaji ya rungume shi. Bai rungume shi ba. Ya yi masa faɗa a gaban mata da yara, ya kira shi makaho, ya ce da Iya ta mutu da sai sun haɗu a gaban alƙali. Sallau yana tsaye kansa a ƙasa, abin da yake cewa kawai, "Gaskiyarka ne, Alhaji." Ya ce zai nemo wani injin ya ɗaura kafin magariba. Alhaji ya ce hannunsa ba zai ƙara taɓa ko makunnin fitilar gidan ba, ya aika a kira wani.

Iya ce ta ɗago hannu daga tabarma, muryarta can ƙasa. Ta ce, "Barau, faɗan ya isa. Ka ce wa Ilu ya mayar da kayansa ɗaki."

Alhaji ya dubi Ilu ya ce, "Ka ji abin da ta ce."

Sallau ya ajiye jakarsa ya kama gefen katifa, suka shigar da ita tare. Da suka ajiye ta, Ilu ya ce, "Ashe Bazazzage ma yana da rana." Sallau ya ce, "Ɗaga ɓangarenka, malalaci, ni kaɗai nake ɗauka."

Da ya koma gida ya gaya wa Dije komai, bai rage ba. Ta zuba masa ruwa a buta, ta ce, "Da na san abin da zai jawo ke nan, da ban sa maka shi a aljihu ba." Ya ce, "Kul, kada ki ƙara faɗa. Da ba ki sa ba, da yanzu mutum shida suna kan titi da kayansu, ni kuma ina nan ina cin tuwo ban san ni na fitar da su ba."

Labari ya bazu a gari kamar yadda ya ji tsoro. Manyan gidaje suka daina kiransa. Ya koma gyaran fanka da firiji a unguwa, wata rana a samu, wata rana a kwana da koko. Bai taɓa cewa da na sani ba, ko sau ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa. Ilu kuwa ya ƙara shekara goma sha ɗaya a gidan nan, a ɗakunan nan ya aurar da 'ya'yansa mata biyu. Ranar da aka kai Sallau, Ilu ne ya shiga kabari ya karɓe shi, tsoho da shi, sai da aka kamo hannunsa aka fito da shi.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so ku riƙe. Kuskure ba shi ne abin kunya ba, kowa yana yi. Abin tsoro shi ne ki bar wani ya ɗauki laifinki don ba wanda ya gani. Kuma ba sai kin buɗe baki ake rubuta miki ƙarya ba. Shiru ma yana korar mutum daga ɗakinsa, gyaɗa kai ma yana yi.

Ku duba gidajenku. Ke kika bar miya a wuta ta ƙone, maigida ya shigo yana yi wa mai aiki faɗa, kika kau da kai. Ke kika manta inda kika ajiye ɗan kunne, aka zargi matar ɗanki, daga baya kika gan shi a ƙasan akwati kika yi shiru har yau. Ke kika kai maganar da ta raba 'yan'uwa biyu, aka ɗora wa maƙwabciya, kina ji kina gani. Allah ya gani, kuma akwai ranar da za a tambaye ki, ranar da ba sauran damar gyara.

Wadda ta san akwai wani da ke ɗauke da laifinta, ta tashi ta je ta sauke masa tun yau, tun suna raye su biyun. Za a yi miki faɗa, wataƙila a daina ganin girmanki, ki daure, wannan duk mai wucewa ne. Allah ya ba mu ƙarfin cewa "ni ce" a inda ya kamata, ya jiƙan Sallau da dukkan waɗanda suka riga mu, ya sa mu cika da imani. Amin.