Relen Firigo a Jirgin Ajimi

Akwai wani mai gyaran babur a Magariya, sunansa Ajimi. Shekara bakwai yana ƙera ƙaramin jirgin sama a bayan gidansa. Gari na yi masa dariya, ban da amininsa Sadiƙu, mai haɗa wutar rana a Waca, wanda ke zuwa duk sati ya kama masa aiki.

Wata rana Ajimi ya ciro rele daga tsohon firigo, wato na'urar sanyaya abinci. Rele shi ne ɗan akwatin da ke haɗa wuta ya kuma yanke ta. Ajimi ya ce relen ne zai riƙa tayar da injin jirgin.

Sadiƙu ya jujjuya shi ya ce, "Wannan na kuran ɗin gida ne, wutar lantarki. Kuran na zuwa yana komawa, tartsatsinsa na mutuwa da kansa. Wutar batir kuwa in ta kama ba ta saki. Nemi wanda aka yi don batir."

Ajimi ya tura hula gaba, ya maƙale murya yana kwaikwayonsa. "Ba ta sakiii! Malam injiniyan Waca, karanta mana, bolt 220 aka rubuta. Batir ɗina sha biyu ne kacal. Je ka hau rufin mutane, sama ba taka ba ce."

Sadiƙu ya ɗauki jakarsa. Bai sake zuwa ba.

Wata biyar. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai Ajimi ya ɗago kai, sai ya ga ba Sadiƙu ba ne. Yakan ce "riƙe min nan," sannan ya tuna babu kowa.

Matarsa Zalika ta ce, "Maigida, Waca fa ba Makka ba ce."

"Wa ya ce miki kewarsa nake?"

Ranar gwaji ya danna maɓalli. Farfela ta juya! Ya saki maɓallin, abin tayar da injin ya ƙi tsayawa. Waya ta yi ja, hayaƙi ya turnuƙe. Da ƙyar ya fizge kan batir, tafinsa ya ƙone.

Washegari ya shiga motar Waca, hannu a naɗe, relen a aljihu. Sadiƙu ya ɓalle relen da wuƙa. Bakin ƙarafa biyu da ke cikinsa sun narke sun manne.

"Da a sama ne fa, Ajimi?"

Ajimi ya sunkuyar da kai. "Ka yafe min, ɗan'uwa."

Sadiƙu ya shiga ɗaki, ya fito da sabon rele na batir, ƙura ta rufe ledarsa.

"Tun satin da muka rabu na samo shi. Kullum sai na ce yau za ka zo." Ya share ido da hannun riga. "Tashi mu je, mai taurin kai, kafin ka ƙone ɗayan hannun."

Darasi: Babbar lamba a jikin kaya ba ita ce dacewa ba, duba aikin da aka yi shi dominsa. Kuma wanda ya gaya maka gaskiya kada ka kore shi da baƙar magana. Ku tura wa wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba.