Gyaran da Malam Yake Yi a Ɓoye

Akwai wani mutum da ɗalibansa suke kira Mai Makulli a bayan idonsa, a gabansa kuma su ce Malam. Ku karanta labarinsa a natse, musamman ku da kuke koya wa wani wani abu.

Shi ne ya fara rubuta wata manhaja da ƙananan asibitoci suke kula da jinin da ke cikin firjinsu da ita. Kowace ledar jini tana da kwanakinta, idan suka cika ba a ƙara wa mara lafiya ita. Manhajar ce take lura da kwanakin. Leda mai kyau ta nuna ta da kore, wadda ta wuce lokacinta ta nuna ta da ja.

Kyauta ake ba da ita, rubutunta kuma a buɗe yake a intanet, kowa zai iya karantawa ya turo gyara. Amma babu gyaran da yake shiga ciki sai Malam ya buɗe masa ƙofa da lambar sirrin da shi kaɗai ya sani. Daga nan sunan ya samo asali.

Duk Asabar da rana yana tara ɗalibai goma sha biyu a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinki. Dogon tebur ɗaya ne, da kujerun roba, da fanka mai kuka kamar tana neman taimako. Daga ƙasa ƙarar kekunan ɗinki ba ta yankewa.

Malam mutum ne mai tausayi, ko kuma haka ya ɗauki kansa. Shi da tsawa da cin fuska aka koyar da shi, don haka ya rantse ba zai taɓa kunyata ɗalibi ba. Yaro ya turo aiki, ko da kurakurai sun yi masa katutu, sai Malam ya gyaɗa kai ya ce madalla. Ranar Lahadi da hantsi ya zauna a teburin cin abinci na gidansa, ya gyare aikin tas, ya shigar da shi da sunan mai shi. Ɗalibi ya wayi gari ya ga sunansa a jerin masu ba da gudummawa, ya yi ta nuna wa abokai.

Ni dai ban yarda duka tausayi ba ne. Yi wa ɗalibi bayani awa guda ne, gyarawa da kanka minti goma. Akwai kuma daɗin nan na a ce idan ba kai ba, ba a iyawa.

Tauraron ɗakin wani saurayi ne da ake ce wa Zakara, saboda kullum shi ne farkon turo aiki. Sunansa ya fito a jerin fiye da sau ɗari biyu. Bai taɓa komawa ya duba abin da ya shiga manhajar da sunansa ba. An ce masa madalla, me kuma zai nema?

Sai wata matar aure mai 'ya'ya biyu, wadda ta koma karatu a makare. Ita tambaya ce abincinta, har suka laƙaba mata Me-ya-sa. Wata Asabar ta ajiye kwamfutarta a gaban Malam, rubutu biyu a jere, wanda ta turo da wanda ya shiga.

"Malam, wannan ba abin da na rubuta ba ne."

Ya ce ɗan taɓa mata shi ya yi kawai, kada ta damu.

"To me na yi ba daidai ba? Don Allah idan bai yi ba ka riƙa dawo min da shi. Sunana a kan abin da ban gane ba nauyi ne a kaina."

Maganar ta sosa masa rai, don a gaban mutane ta yi ta. A ransa ya ce, tunda haka kike so, za ki gani. Aikinta na gaba sau goma sha ɗaya ya mayar mata da shi, kowane lokaci da gajeriyar magana mai kaushi. A karo na huɗu abin da ya rubuta mata shi ne, kwanan jini daga ranar da aka ɗebe shi a jikin mutum yake farawa, ba daga ranar da ya shiga firji ba, kuma ya kamata mai hankali ya san wannan.

Ta yi kuka a kan matakalar shagon, ta share fuska, ta hau ta sake rubutawa. Shekara ta zagayo sunanta sau tara kacal ya fito a jerin. Samarin ɗakin suna tsokanarta wai kunkuru ma ya riga ta.

To, ana nan sai idon Malam ya fara canzawa.

Da farko gefen gani ne ya yi duhu, kamar hayaƙi ya tsaya a kusurwar ɗaki. Ya bugi ƙyauren gidansa sau biyu a mako ɗaya. Wata safiya matarsa tana kallonsa ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ci gaba da tsiyaya har ya jiƙa tebur. Ta ɗauko mayafinta ta ce ya tashi su tafi wurin likita.

Likitan ido ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cinsa a hankali. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, abin da ya rage ne za a yi ƙoƙarin riƙewa. Ya ce ya rage kallon kwamfuta.

A hanyar komawa matar ta ce, "Baban yara, ka gaya wa ɗalibanka. Ka ba wani makullin nan tun da sauran haske."

Ya ce wa zai ba? Duk cikinsu babu wanda ya isa. Bai tambayi kansa wanda ya hana su isa ba.

Ya ɓoye. Ya ƙara girman haruffan kwamfutarsa, ya sake ƙarawa, har ɗalibai suka fara barkwanci cewa telan ƙasa ma yana karanta rubutun Malam daga bakin titi. Ya yi dariyar yaƙe tare da su. Gyaran Lahadi da yake gamawa kafin azahar ya koma kai shi la'asar. Layi ɗaya yake gani a lokaci guda, kamar mai leƙe ta ramin makulli, kafin ya kai na ƙasa ya manta na sama.

A wannan halin aka zo fitar da sabuwar manhaja. Ayyuka kusan talatin ne a ciki, mafi girma na Zakara, wanda ya sake fasalin shafin karɓar jini. Malam ya bi shi da ido mai ruwa har kansa ya sara. Bai ga komai ba. Ya ce wa kansa ai yaron ya ƙware, sai ya buɗe ƙofa, ya saki manhajar. Asibitoci arba'in da ɗaya suka sauke.

Kwana goma babu labari. Shirun bai kwantar masa da hankali ba.

Asabar ta biyu, ana tsakiyar darasi, wayarsa ta yi ƙara. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce daga wani ƙaramin asibiti. Murya ƙasa-ƙasa ta ce ga leda a hannunta, takardar jikinta ta nuna kwana uku ke nan da wucewarta, amma kwamfuta tana nuna ta da kore. Allah ne ya sa ita mai karanta takarda ce. Ta ce ba kowa yake karantawa ba, don shekara da shekaru manhajar ba ta taɓa yi musu ƙarya ba.

Malam ya ajiye wayar. Duk sun ji. Suka zuba masa ido suna jiran ya ja kwamfuta ya gyara kamar kullum.

Ya ja kwamfutar. Ya kusanto da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Haruffan suna iyo cikin duhu. A wani wuri cikin dubban layukan nan akwai kuskuren da zai iya sa a ɗaura wa mutum jinin da ya lalace, a asibitoci arba'in da ɗaya, yau ɗin nan, kuma shi ba ya iya ganinsa. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya kama shi.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya janye hannunsa daga kwamfutar.

"Ba na gani," ya ce. "Wata bakwai ke nan. Abin da na saki ɗin nan ban iya karanta shi ba."

Babu wanda ya motsa, sai Me-ya-sa. Ta miƙe ta raba lambobin asibitocin ga mutum goma, ta ce kowa ya kira nasa ya ce kada a yarda da kore, a karanta takardar jikin leda. Sannan ta ce Zakara ya buɗe aikinsa ya karanta da ƙarfi, tunda shi ne ya taɓa shafin karɓar jini.

Zakara ya karanta daga farko har ƙarshe. Ya ɗago ya ce shi bai ga matsala ba, komai daidai yake.

Ta ce ya koma baya layi shida. Ta ɗora yatsa a wurin. Manhajar tana fara lissafin kwanaki daga ranar da leda ta shiga firji. Duk jinin da aka kawo daga wani asibiti bayan ya yi mako a can, an ƙara masa mako guda na ƙarya.

"Ta yaya kika gani?" in ji Zakara.

"An taɓa mayar min da aiki a kansa."

Zakara ya juya a hankali ya fuskanci Malam. Ya tambaye shi ko shi ma ya taɓa yin wannan kuskuren a baya. Ƙarya ta riga ta ƙare wa Malam.

"Sau biyu. Na gyara maka."

"Malam, me ya sa ba ka gaya min ba?"

Malam ya sunkuyar da kai. A karon farko ya gane cewa matar da ya yi niyyar wahalarwa ita kaɗai ya koyar, sauran goma sha ɗayan da ya lallaɓa kuwa ya cuce su.

Ta rubuta gyaran, ta sa Zakara ya karanta ya faɗa mata dalilin kowane layi kafin ta yarda. Da aka zo shigarwa, Malam ya faɗi lambar sirrin da bakinsa, harafi bayan harafi, ita tana dannawa.

Asibitoci arba'in sun amsa waya. An ciro leda goma sha huɗu da suka wuce lokaci suna nuna kore. Na arba'in da ɗaya wayarsa tana ta shiga babu mai ɗauka. Suka kira, suka sake kira. Babu wanda ya tafi gida. Malam yana zaune hannu a gwiwa, duk lokacin da wayar ta katse sai ya ce a sake kira.

Sai bayan la'asar wani ma'aikacin jinya ya ɗauka. Ya je ya duba ya dawo. Ya ce da safiyar nan an ƙara wa wata mai jego leda ɗaya, kwamfuta ta nuna kore. Takardarta ta wuce da kwana biyar. Yanzu matar tana kwance da zazzaɓi da rawar sanyi, jaririnta yana hannun kakarsa.

Kwana uku Malam bai iya cin abin kirki ba. Kullum da safe matarsa ce take kira masa asibitin, don ba ya ganin lambobin wayar. Ranar farko aka ce jiki yana nan yadda yake. Ranar ta biyu aka ce a dai yi addu'a. Ranar ta uku aka ce zazzaɓin ya sauka, ta karɓi ɗanta ta ba shi nono. Malam ya rufe fuska da tafin hannu ya yi kuka kamar yaro. Mai jegon nan har yau ba ta san da shi ba, shi kuwa ba zai manta da ita ba.

Asabar ta gaba Zakara ya zo da buƙata ɗaya, a goge sunansa daga ayyukan nan ɗari biyu. Me-ya-sa, wadda makulli yake hannunta yanzu tare da wasu mutum biyu, ta ƙi. Ta ce ya ɗauko abin da ya turo da abin da ya shiga, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya gano abin da aka canza da dalilinsa. Wata biyar ya kwashe yana yi. Ya daina zama farkon turo aiki, amma sunan ya riga ya bi shi.

Idon Malam bai dawo ba. Har yanzu yana zuwa duk Asabar, matarsa ta riƙo hannunsa har saman matakala. Yana zama a ƙarshen dogon teburin, babu kwamfuta a gabansa. Ɗalibi ya karanta masa aikinsa da ƙarfi, shi kuma ya saurara. Idan kunnensa ya ji wani abu ya karkace, ba shi da halin gyarawa a ɓoye. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan. Me ya sa ka rubuta haka?"

Ɗalibai sun ce bai taɓa koyarwa kamar yanzu ba. Shi kuma idan ya ji haka ba ya murna, don ya san abin da aka kusa biya kafin ya koya.

Darasi: Wanda ya gyara maka kuskure a ɓoye ya rufa maka asiri na yini ɗaya, amma ya bar ka da kuskuren har ranar da ba ya nan. Idan kai malami ne, uba, uwa ko shugaban aiki, ka nuna wa na ƙasa da kai inda ya karkace, cikin mutunci, tun kana da ido da ƙarfi, kuma kada ka riƙe makulli kai kaɗai. Idan kai ɗalibi ne, ka ji tsoron madallar da ba ta zo da bayani ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana koyar da wani, wataƙila yau ce Lahadinsa ta gyaran ɓoye.