Fizar Aziza a Sadakar Arba'in

Raihana, kin san Aziza ɗiyar kawunki, kuma kin san girman kanta. Shekara biyu kacal ta yi Yamai, ta dawo Buza tana toshe hanci in an dama hura. Labarinta zan ba ki, na ranar sadakar kwana arba'in da rasuwarki.

Inna Biba, mahaihiyarki, ta jiƙa gero tun jajibiri don a yi gumba da masa kamar yadda aka saba. Aziza ta shigo, ta leƙa ƙwarya, ta taɓe baki.

"Haba Inna, har yau gumba? Abin da ke cika ciki kamar siminti? Ku bar mini. Fiza zan yi, gurasar nan ta Turawa, ta kayan marmari, marar nauyi, irin wadda nake gani a telefon."

"Ɗiyata, sadaka aljihu take shiga," in ji Inna Biba. "Mutanen Karofane da Urno gida za su kai ma iyali."

"Sai su koyi ci zaune."

Tsohuwa ba ta da ƙarhin gardama a wannan rana. Ta ture ƙwarya gehe, ta koma ɗaki.

Aziza ta murza fulawa siririya kamar takarda, ba mai, sukari kaɗan, ta gasa cikin tukunya bisa yashi. Ta shafe ta da yawur, kindirmon kanti, ta jera mangwaro da ayaba da gwaba da jar kankana. Tire shida. Gaskiya sun yi kyau, kamar garka bayan ruwa. Tun hantsi ta gama, ta ɗauki hoto, ta ajiye su ƙarƙashin rumfar kwano, don kuran, wutar lantarki, ya tahi kuma firigon maƙwabta na sanyaya abinci ya mutu. Ba ta tambayi kowa yaushe malamai ke gama saukar Alƙur'ani ba. Mai ilimin Yamai ba ta tambaya.

Sai bayan azahar anka shafa fatiha. A lokacin kankana ta saki ruwa, ayaba ta yi baƙi, yawur ya tashi yana tsami, ƙasan ya zama kunu. Haka ta sa anka hito da su, tana tsaye bakin zaure tana jiran yabo.

Tsoho Ɗangana na Karofane ya ɗauki rabonshi, ya buɗe aljihun riga don ya kai ma jikoki. Abin ya zube ta tsakanin yatsunshi har gwiwar hannu.

"Wannan sadaka ce ko wankin tukunya?" ya ce, ya juya ga wani malami da ke kusa da shi. "Malam Alhusaini, kai da ka yi karatu, ta ina ake kama ta?"

"Da bismilla dai, in ka samu inda ka riƙe," in ji malamin.

Anka yi dariya a wurin da bai kamata a yi ba. Mutane sunka goge hannu ga ƙasa, sunka hau amalanke da babura, aljihu wayam. Babu gida ɗaya da sadakarki ta shiga, balle a tambayi ta wa ce a ce Allah ya jiƙanta.

Inna Biba ta hito, ta dubi tiren da ƙudaje sunka ruhe, ta dubi Aziza.

"Ke kin samu hotonki. Ita marigayiyar mi ta samu?"

Darasin ga shi: wanda ya raina yadda mutanenshi ke yin abu, ya tsaya ya tambayi dalili kahin ya sake shi. Fiza ba laihi ba ce, ana yin ta a ci nan take da sanyinta. Laihin na mai neman yabo ne da hakkin mamaci. Ke kaɗai na faɗa ma wannan, Raihana. Har yanzu ban buɗa baki ga kowa kan wannan zance ba.